Shekarar da Babanku Ya Kawo Jirgi Mai Zane

Na san abin da aka gaya muku game da jirgin. Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa an ba babanku zaɓi tsakanin mota da jirgin ruwa, ya bar mota ya ɗauko jirgi, kuma har yau in an taru wurin suna ba a rasa mai tayar da zancen a yi dariya. Shi ma yakan yi dariyar tare da su. Har ya koma ga Allah bai gyara wa kowa labarin ba, ni ma ya hana ni gyarawa, wai ba ya son sunana a bakin 'yan zaman majalisa. To yanzu ba ya nan, idona kuma ya fara gajiya da rubutu, gara in faɗa muku yadda aka yi. Ba shi ya zaɓi jirgin ba. Ni na zaɓa.

A lokacin muna da shekara shida da aure, amma in an haɗa kwanakin da muka zauna tare ba za su cika shekara guda ba. Yana Ikko yana aiki gidan wani Bature injiniya, shi ke kula da motarsa da injin wuta da wani ɗan jirgin ruwa da Baturen ke fita da shi ranakun hutu. Ni ina Kalgo wurin mahaifiyarsa, Iya, da ku biyun farko. Sai ya zo ƙaramar Sallah, sai ya zo babba, shi ke nan. Da aikin Baturen ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya ce wa babanku ya ɗauki ɗaya cikin biyu a matsayin sallama, ko motar ko jirgin. Babanku ya rubuto mini wasiƙa da ajami. Ya ce kowa na ce masa ya ɗauki mota ya riƙa jigila tsakanin Ikko da Sakkwato, shi ma ya ga hankali na wurin, amma yana son ya ji ta bakina.

Na kwana uku da wasiƙar nan a ƙasan filo. Ba ku san yayana Usman ba, ya rasu kafin a haife ku. Direban babbar mota ne, a kan hanyar nan ta kudu motarsa ta kife, aka rufe shi can ba mu ga ko gawarsa ba. Na duba na ga in babanku ya ɗauki mota, to na sake zama matar wasiƙa, kullum kunnena na kan titi. Jirgi kuwa ba ya zuwa Ikko da ƙafarsa. Ban yi tunanin mutanen tsallake ba, ban yi tunanin taimakon kowa ba, kada wani ya ce muku na hango wani abu. Mijina nake so ya zauna gida. Na rubuta masa layi biyu kawai, na ce ya ɗauko jirgin ya dawo, ban faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Cikin zafin bazara jirgin ya iso, a bayan motar albasa da ta sauke kaya a kudu ta dawo wayam. Rabin garin ya fito kallo. Zaurenmu bai ɗauke shi ba, sai da aka rushe wani sashe na katangar baya aka turo shi tsakar gida a kan amalankensa. Iya ta zagaya shi sau biyu da sandarta, ta ƙwanƙwasa cikinsa, sannan ta dubi ɗanta.

"Garba, wanga abu ci ake yi ko sha?"

Ya yi murmushi ya ci gaba da kwance igiyoyi.

Tun da a tsakar gidana aka ajiye shi, kuma ba fita nake yi ba, na san jirgin nan fiye da yadda na san ɗakin girkina. Tsawonsa kamu goma sha biyu, fari fat, ba na katako ba ne, wata irin roba ce mai tauri da ruwa ba ya ci. Amalanken na ƙarfe ne mai taya biyu, a gabansa akwai abin murɗawa da igiya, mutum ɗaya sai ya janyo jirgin daga ruwa ya hau kai. Sandar da ke ɗaukar zanen da iska ke tura jirgin da shi ta alminiyam ce, ta fi jirgin kansa tsawo, amma tana da gaɓa a gindi, in za a yi tafiya sai a kwantar da ita. Zane biyu ne, babba a baya, ƙarami a gaba. A tsakiyar jirgin akwai wani akwati siriri, cikinsa faifan ƙarfe mai nauyi da ake saukarwa cikin ruwa da igiya. Babanku ya ce in babu faifan nan iska tura jirgin za ta yi a kaikaice kamar ƙwarya, shi ke sa ya yanka ruwa ya nufi inda ake so, in kuma an zo wuri marar zurfi sai a ɗage shi, jirgin ya bi ruwan da bai kai gwiwa ba. A baya akwai allon tuƙi da doguwar sandarsa. Abin da ya fi ba matan unguwa mamaki shi ne ɗan ɗakin da ke gaba, mai gado biyu siriri da katifu, da risho da aka rataye don kada tukunya ta zube in jirgi ya karkata, da famfon hannu na kwashe ruwa, da anka, ƙarfen tsayar da jirgi, da rigunan ruwa huɗu masu launin lemo. Da yamma in ya gama gyare-gyare yakan zaunar da ni a baya ya ba ni sandar tuƙin, jirgi na kan taya, kaji na kiwo a ƙarƙashi, yana koya mini cewa in ana son a yi dama sai a tura sandar hagu. Wasa muka ɗauke shi.

Ba a yi mako guda ba saƙo ya zo daga Gwandu, Baffa mahaifina na kiranmu. Kun san kakanku da tsufa, lokacin da ya yi laushi. A wancan zamani in ya yi gyaran murya a zaure har ɗalibansa manya sai su sunkuyar da kai. Ya ba babanku, Bakabe ɗan masunta, aurena duk da 'yan'uwansa ba su so ba, don ya ga natsuwa a tare da shi, kuma ya riga ya gaya wa mutane surukinsa zai dawo da mota. Da muka je ya sallami kowa daga zauren sai babanku, ni ina bayan ƙofa ta cikin gida ina jin komai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yi zaton shekarun Ikko sun ƙara wa Garba hankali, ashe abin wasan Turawa ya koyo. Ya tambaye shi mi iyalinsa za su ci, zane ko iska. Ya daɗe yana magana. Ni dai ina jira in ji babanku ya ce shawarar Nana ce.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "in kuskure ne, nawa ne. A yi mini addu'a."

Abin da ya faɗa ke nan. Taku uku ne tsakanina da zauren, na kasa yin su. Wannan shirun da na yi shi ne abin da ya fi damuna a duk shekarar, ya fi yunwar da muka sha daga baya.

Baffa ya shigo gida ya ce in zauna Gwandu da yara har mijina ya sayar da abin nan ya sami sana'ar kirki. Inna mahaifiyata ta sa baki ta ce haka ya fi, ga ɗaki ga hatsi. Na ce zan bi mijina. Ban taɓa yi wa Baffa musu ba sai ranar. Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce to, in na tafi kada in aiko masa da kuka. Muka hau motar Birnin Kebbi ba wanda ya raka mu tasha. Daga ranar ba saƙo ba gaisuwa. Sallah ta zo ta wuce ban je ba, ba a aiko ba, sai dai Inna da kan ba wata 'yar'uwarta ta Malisa daddawa da kuka ta kawo mini a ɓoye.

Da ruwan sama ya zauna fadama ta fara cika, babanku ya je gun Sarkin Ruwa neman izinin saka jirgi. Tsohon ya ba shi, yana dariya, ya ce shi dai tun da yake bai ga an tuƙa jirgi da zanen gado ba. Babu motar da za ta ja amalanken, sai babanku ya sassaƙa karkiya ya ɗaura wa shanun huɗar ƙaninsa, su suka kai jirgin bakin ruwa. Ban je ba, labari aka kawo mini. An ce da farko abin ya yi kyau, ya tayar da sandar, ya ja zanen, jirgi ya zame a kan ruwa ba gora ba filafili, har masu dariya suka yi shiru. Sai iska mai ƙarfi ta bugo. Zanen nan rana da gishirin teku sun riga sun cinye shi, ya yage tun daga sama har ƙasa. Da gorar aro ya dawo gaɓa. Ranar aka laƙaba masa Garba Mai Zane, kuma ba don yabo ba.

Ya shigo gida ya jefar da yagaggen zanen gindin rumbu, ya zauna, tuwon ma bai taɓa ba. Iya ta ce a yanka shi a yi shimfiɗar shanya. Washegari da safe na ɗauko na baza shi a tsakar gida, na durƙusa ina duba ɗinkin. Kun san da keken ɗinki aka kawo ni gidan nan, rigunan yaran unguwa duk ni ke yi. Na ga ba wani sihiri a ciki, ƙyallaye ne aka jera aka haɗa. Na farke shi gaba ɗaya da reza, na aika aka sawo mini akoko mai kauri, na ɗora kowane yanki na fitar da irinsa. Kusurwoyi uku inda igiya ke ja na ninka huɗu na liƙa jar fata daga wurin dukawa. Na yi aljifai siririya na tsinken gora da ke miƙar da gefen zanen, na jera gajerun igiyoyi layi biyu na rage shi in iska ta yi yawa. Allurai nawa na karya ban sani ba, inda keke ya kasa na bi da basilla. Iya, wadda ta ce a yi shimfiɗa, ita ta kawo shawarar a jiƙa shi cikin ruwan bagaruwa kamar yadda masunta ke yi wa komar kamun kifi don kada ya ruɓe. Shi ya sa zanen da kuka sani ja-ja ne.

Na farkon bai yi ba. Babanku ya fita da shi ya dawo ya ce jirgin na tafiya kamar jaki mai ciwon ƙafa. Na yi fushi, na ce to ya kai wa telan Turawa. Sai ya kamo hannuna ya buɗe tafin, ya hura iska a kai, sannan ya ɗan lanƙwasa yatsuna kamar mai ɗibar ruwa ya sake hurawa. Nan na gane. Zanen ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ciki gare shi, kowane ƙyalle akwai ɗan lanƙwasa a gefensa wanda ni na miƙar don na ɗauka kuskuren mai yanka ne. Na sake farkewa. Sai da na kwashe kusan wata guda a kan zanen nan, ɗinkin mutane na ajiye, abincinmu ya koma kunu da ɗan kifin da 'yan'uwansa ke miƙo mana. Amma da ya fita da na biyu, ban jira ya ba ni labari ba, tun daga yadda ya yi sallama na sani.

A ƙarshen daminar nan aka yi ruwan da tsofaffi suka ce ba su ga irinsa ba. Gulbi ya haɗe da fadama, shinkafa ta nutse, tungayen tsallake suka zama tsibirai. A tsakiyar ruwan gora ba ta taɓa ƙasa, masu kwalekwale sai su yini suna fama da filafili. Jiragen inji biyu da ke garin kuwa suna ɗaure, don an shiga wahalar mai, ko motoci sai su kwana a layi. Iska ce kawai ba ta yanke ba. Kullum da hantsi takan taso daga kudu maso yamma ta yini tana busawa. Babanku ya fara da kai malamin asibiti tsallake da akwatin allurarsa mai ƙanƙara, daga nan sai gero, sai gishiri, sai masu jego, sai tsofaffi. Bai yanka wa kowa kuɗi ba, mai kifi ya ba da kifi, marar komai ya yi godiya. Sunan nan na Mai Zane bai canza ba, yadda ake faɗinsa ne ya canza. Duk wannan ana yi, daga Gwandu shiru.

Wata safiya ina wanke-wanke aka ce ana sallama da maigida. Na ji muryar, kwanon da ke hannuna ya faɗi. Baffa ne. Bai shigo ba, ya tsaya a ƙofar zaure. Yayarsa Goggo Hawwa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana aure a wata tunga can bayan Diggi, an aiko masa cewa tana kwance kwana biyar ba ta ci ba ta sha, kuma babu yadda za a fito da ita. Ya je bakin ruwa tun asuba neman jirgi, kowa ya tambaya sai a ce masa sai dai Mai Zane. Babanku ya durƙusa ya gaishe shi kamar jiya suka rabu, ya ce yanzu za su tashi. Sai Baffa ya ce, yana duban bango, ana bukatar mace da za ta riƙe marar lafiya. Na yafa mayafina na fito.

Ranar na fara ganin ɗinkina a sama. Babanku ya miƙa wa Baffa rigar ruwa, Baffa ya ce shi ba ya sa wannan. Babanku ya ce a jirgin nan ko Sarkin Ruwa sai ya sa, ya tsaya riƙe da ita har Baffa ya karɓa ya ɗora a kan babbar rigarsa. Aka tura mu. Da muka fita daga ciyawa ya saki igiyar faifan ƙarfen, muka ji ya sauka da nauyi a ƙarƙashinmu, ya ja zanen, iska ta cika shi, jirgi ya karkata gefe guda. Baffa ya damƙe bakin jirgin da hannu biyu yana salati a hankali. Can da ya ga ba mu kife ba ya saki hannu ɗaya. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai sautin ruwa a gindin jirgi. Muka bi ta kan gonakin mutane, kawunan giginya da na ɗorawa na leƙowa daga ruwa. Haka muka yi ta tafiya har muka hango bukkokin tungar.

Mun iske Goggo ta zama kamar tsumma, idanunta sun faɗa, amma ta gane ƙaninta, ta kira shi da sunan yarinta wanda ban taɓa jin wani ya kira shi da shi ba. Babanku ya ɗage faifan da allon tuƙi ya shigar da jirgin har ƙofar gidan. Aka ɗauko ta a tabarma aka kwantar a gadon ɗan ɗakin, inda babu rana babu feshin ruwa. Na kunna rishon na dafa ruwa na sa gishiri da sukari kamar yadda malamin asibiti ya koya wa babanku, ina ba ta da cokali. Kafin mu tashi mutanen tungar suka kewaye Baffa. Limaminsu ya rasu cikin ruwan nan, suna da marasa lafiya, suna da jarirai biyu da ba a raɗa wa suna ba. Ya yi musu addu'a a tsaye, muka juyo.

Azahar ta same mu a tsakiyar ruwa, ba tudu ko ɗaya. Baffa ya duba sama, gajimare ya rufe rana, ya tambayi ina gabas take. Babanku ya buɗe wani murfi kusa da ƙofar ɗakin, ga wani abu kamar ƙwallon gilashi da allura na yawo a ciki. Ya ce kamfas ne, da shi ake tafiya a teku in ba a ganin ƙasa. Ya nuna masa alƙibla, ya juya jirgin ya riƙe shi a kan layin har Baffa ya yi alwala da ruwan gulbi ya yi sallarsa. Da ya sallame ya daɗe yana kallon allurar.

Ba a jima ba hadari ya haɗu daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara juyawa. Babanku ya ce dole a sauke ƙaramin zane a rage babban kafin ta iso, kuma ba zai iya barin tuƙi ba.

"Nana, zo ki riƙe. Ki sa hancinsa ga giginyar can, kada ki bari ya kauce."

Na fito daga ɗakin na zauna na kama sandar, a gaban mahaifina. Ba irin ta tsakar gida ba ce, wannan tana da rai, tana ja da hannuna. Na tura hagu, jirgin ya yi dama. Babanku ya rarrafa gaba yana fama da igiyoyi, iska na ɗauke muryarmu ba ya jin abin da muke faɗi. Baffa na dubana. Ya tambayi wa ya ɗinka zanen, na ce ni. Ban ɗauke idona daga giginyar ba, wataƙila shi ya sa na iya.

"Baffa, ba shi ya zaɓi jirgin nan ba. Ya rubuto mini, ni na ce ya bar motar. Ina bayan ƙofa ranar da ka yi mishi faɗa, na kasa fitowa."

"Don mi kika ce ya bar ta?"

"Don Yaya Usman."

Ruwa ya fara sauka. Baffa ya juya ya dubi babanku can gaba, jiƙe sharkaf, yana ɗaure gajerun igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ma har yau in babbar mota ta wuce bayan gida sai karatu ya ɓace mini," in ji shi. "Shi kuma ya zauna ya sha faɗan da ba nashi ba, bai ce uffan ba."

Iyakar abin da muka faɗa ke nan. Hadarin ya buge mu, amma da ragaggen zane jirgin bai karkata sosai ba. Ruwan da ya taru a ciki Baffa da kansa ya kama famfon hannu yana kwashewa, rawaninsa na ɗiga.

Da la'asar muka iso gaɓar Kalgo. Mutane suka matso za su ɗauko Goggo, babanku ya ce kada a taɓa ta, girgiza za ta ƙarasa ta. Aka turo amalanken cikin ruwa, ya murɗa ya janyo jirgin ya hau, ya kwantar da sandar, Goggo na kwance a gadonta ina riƙe da kanta. Shanu suka ja mu har bakin kwalta. Can wani mai a-kori-kura da ke da ɗan sauran mai ya yarda aka ɗaura amalanken a bayansa. Haka muka shiga Birnin Kebbi, jirgin ruwa a kan titi, mutane na tsayawa suna nuna mu, har ƙofar asibiti. Aka sa mata ruwa a jijiya. Goggo ta tashi, ta ƙara shekara shida a duniya, kuma duk wanda ya je gaishe ta sai ta ba shi labarin ranar da ta je asibiti cikin jirgi ba ta taka ƙasa ba.

Muka bar wata 'yarta da ke aure can Birnin Kebbi a wurinta muka komo Kalgo rana na gab da faɗuwa. Motar Gwandu ta ƙarshe na tasha tana lodi, babanku ya ce bari ya raka Malam. Baffa bai nufi tasha ba. Ya cire takalmansa a ƙofar zaurenmu ya shigo har tsakar gida, ya gaisa da Iya, ya ɗauki ƙaraminku na lokacin ya ɗora a cinya. Na kawo ruwa na durƙusa. Ya sha, ya ajiye kwanon, ya ce jariran can biyu na tsallake gobe suke kwana goma ba suna, bai kamata a ƙara musu ba. Sannan ya juya ga babanku.

"Malam Garba, da wane lokaci iskar ke tashi gobe?"

Babanku ya ce da hantsi, in Allah ya so. Ni kuwa na tashi na ɗauki tsintsiya na nufi ɗakin baƙi.